Reshen da Ke Kan Ɗakin Hajja

Jama'a, kafin ku fara jifana da tambayoyi a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, bari in amsa laifina da bakina: saura ƙiris in rushe ɗakin kakata, kuma da babban yatsana na dama na so yin aikin. Ku gyara zama.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Ummukulthum, a gida Kulsum. A unguwar Ambassatna aka haife ni, cikin N'Djamena. Abin da zan ba ku ya faru ne a ƙarshen daminar 2006, ina da shekara ashirin da biyu, na gama lise, wato sakandare, ina koyon ɗinki, ina kuma jiran kalma ɗaya tak daga bakin mahaifina.

Babana Alhaji Abdulmutallib fataucin shanu yake yi, amma a kasuwar dabbobi ba mai kiransa da wannan sunan. Alhaji Sikeli suke ce masa. Zai zagaya sa sau ɗaya, ya dafa tozonsa, ya ce kilo ɗari uku da tamanin, in aka ɗora a ma'auni da ƙyar ya kuskure da kilo biyar. Shekara talatin ba wanda ya taɓa ce masa ba haka ba ne. Mu ma a gida haka muka taso. In Baba ya ce miya ta yi gishiri, to ta yi, ko da Inna ta manta ba ta saka ba.

Shi kuwa wanda ya hana ni sukuni sunansa Mubarak, ɗan unguwar Chagoua. Ya yi shekara uku a Doba, can kudancin ƙasar, lokacin aikin bututun mai, a can ya koyi sana'ar ɗaure kaya wa giru, wato motar nan mai dogon hannu da ke ɗaga kaya sama. Shi ke duba kaya, ya san inda zai sa ɗamara, ya ba direba alama. Wata biyu kafin wannan labarin kawunsa ya zo neman izini a madadinsa, Baba ya saurara tsaf, ya ce, "Zan duba." Daga nan shiru. Ba a hana Mubarak zuwa gaisuwa ba, ba a kuma ce ya turo ba.

Ni da nake ganin na fi kowa sanin halin ubana, sai na zama malamar Mubarak. Duk ranar da zai zo gaisuwa sai na tura masa saƙo a wayata, 'yar ƙarama mai tocila da yayana ya aiko min: "Duk abin da ya faɗa, ka ce to." Kuma yana bi. Wata rana ina laɓe a bayan labule na ji Baba ya ce masa, "Doba ai nan kusa ce, awa biyu a mota." Mutumin da ya sha yin wuni guda cur a hanyar nan ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Ranar har rawa na taka a kicin, na ce ɗalibina ya haddace karatu.

A tsakar gidanmu akwai wani maɗaci. Kakana ne ya shuka shi shekarar da ya iso garin nan da shanunsa, a ƙarƙashinsa aka raɗa wa Baba suna, a ƙarƙashinsa aka raɗa min nawa. Mutum uku ba sa zagaye gindinsa da hannu. Sai ga wani hadari a watan Satumba, iska ta yi ta murɗa shi har muka ji ƙara kamar an karya katon rake. Da ruwa ya tsagaita muka ga babban reshen ya tsage daga inda ya rabu da uwar, ya sunkuyo daidai kan ɗakin Hajja Hansatu, kakata.

Masu gatari sun zo kashi biyu. Kowa ya ɗaga kai, ya dubi ɗakin Hajja a gabas, katangar maƙwabta a yamma, wayar kuran, wato ta wutar lantarki, a bakin titi, ya ce Allah ya kyauta, ya saɓa gatarinsa. Babu inda icen zai faɗi bai kashe wani abu ba.

Aminin Baba ne, Kawu Haladu, ya kawo shawara suna shan shayi. "Alhaji, ga surukinka da giru, kana wahalar da kanka."

"Wane surukin?" in ji Baba.

"To, yaron da ke zuwa gaishe ka."

Baba ya kurɓi shayi ya ce, "A kira shi."

Ranar Laraba Mubarak ya zo dubawa tare da direban girun, wani dattijo mai suna Idi. Na ɗauka zai shigo ya yi ta yaba icen ne. Ina! Sai ya ɗauki sandar ƙarfe ya fita titi yana caccakar ƙasa taku bayan taku. Ya dawo ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Inna, don Allah ina ramin shaddar gidan nan ya nufa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Da ya fita ta ce min, "Kulsum, ni dai ban taɓa ganin mai neman aure da ya fara da tambayar masai ba." Daga baya ya yi min bayani: girun yana da ƙafafu huɗu da yake miƙawa ya dogara a kansu, in ɗaya ta taka saman rami ko ƙasar da ruwa ya jiƙa, motar gaba ɗaya sai ta kife. Ya ƙwanƙwasa icen da guduma, ya ji inda ya ruɓe a sama, ya gaya wa Baba cewa duka zai sauka, ba reshen kaɗai ba. Ya ja awo daga inda motar za ta tsaya har zuwa tsakiyar reshen, ya rubuta a takarda. Ya ce a je a roƙi masu kuran su cire layinmu ranar Asabar. Kawu Haladu ya ce ai kwana biyu ma babu wuta. Mubarak ya ce, "Kawu, wadda ba ta nan ita ce ke dawowa ba sallama."

Ranar Juma'a bayan magariba na tura saƙona: "Slm. Gobe duk abokan Baba za su zo kallo. Gobe ce ranarmu. Don Allah komai ya ce, TO."

Ya amsa: "Gobe aiki ne, Kulsum. Ki yi min addu'a, ki kuma fitar da Hajja daga ɗaki."

Ban so amsar nan ba, amma na ce gajiya ce.

Asabar tun da hantsi unguwa ta cika. Girun ya shigo layinmu da baya, rawaya ne, yana ƙugi, masu kalando, 'yan acaɓarmu ke nan, suna kaucewa suna zagi. Ni kuwa na sha lafaya ruwan toka mai ɗigon shuɗi, wadda nake ajiya don biki, na zizara kwalli, na shafa humra, wai duk don in tsaya a tagar kicin ina dama karkanji, wato zoɓo. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Icen za a kai ɗakin miji ko ke?"

Aikin farko da ya gagara shi ne Hajja. Ta zauna daram a kan gadonta da carbi.

"Ba inda za ni. Shekara hamsin ina kwana ƙarƙashin icen nan bai taɓa ni ba, sai yau da kuka kawo ƙarfe?"

Na yi lallashi, Inna ta yi, Baba ma ya leƙa ya dawo. Sai Mubarak ya cire hular kwanonsa ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Hajja, ina kwana. Dokar aikinmu ce, ba a ɗaga kaya da mutum a ƙarƙashi. In kina ciki, ni ba zan hau ba, sai in zauna nan mu yi ta hira har la'asar."

"Kai ne mijin nawa da ake ta ɓoye min?" Ta ƙare masa kallo. "Ba laifi, kana da wuya. To in na fita, kwallayena fa?"

Haka na kwashe kwallaye goma sha huɗu da akwatin ƙarfe da tsohuwar rediyo zuwa ɗakin Inna, ina tuntuɓe da lafaya. Ina can ina wannan jigilar aka fara shiri a waje, shi ya sa wani abu ya wuce ni, za ku ji shi nan gaba.

Da na dawo taga, an shimfiɗa manyan katakai a ƙarƙashin ƙafafun motar. An ja igiya an kange tsakar gida, an mayar da Baba da abokansa bakin zaure a kan tabarmi. Mubarak ya baje ɗamarun ɗaga kaya a ƙasa, masu faɗi kamar majanyi, yana bin kowace da yatsa. Ya samu ɗaya da zarenta ya ɗan tashi, ya jefar da ita gefe.

"Wannan ai sabuwa ce," in ji wani mahauci.

"Sabuwa ce, amma ta ji ciwo," in ji shi.

Sannan ya ɗaga murya cikin ladabi. "Iyayena, alfarma ɗaya nake roƙo. Idi ba zai ji maganar kowa ba sai hannuna da usur ɗina. Kowa ya ga haɗari yana iya cewa a tsaya, za a tsaya. Amma a ɗaga, ko a juya, ni kaɗai."

Na saci kallon Baba. Ya dai gyara hularsa.

Wayyo jama'a, ku zo ku ga hawa! Ya ɗaura ɗamara a ƙugu, ya maƙala igiyarsa a jikin uwar icen, daban da ta kaya, ya haye da injin zarto a rataye. Ya fara da ƙananan rassan sama. Kowanne sai ya sa masa ɗamara can sama da tsakiyarsa, don in ya rabu gindin ya rataya ƙasa kada ya wuntsila. Ya ɗaga yatsa, Idi ya ja a hankali har ɗamarar ta miƙe, ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma ɗaure tamau ba. Sai zarto ya yi kuka, reshe ya rabu salin-alin, ya tashi sama ya bi ta kan katanga, wani abokin aikinsu Inusa yana riƙe da doguwar igiya daga nesa yana hana shi juyawa. Mata a kan katangar maƙwabta har guɗa suka yi. Ni kuwa karkanjin nan sau biyu na zuba masa sukari.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka iso kan babban reshen. An sassabe ganyensa, ya rage gungume dogo, ya fi taku shida, kwance a iska a kan rufin Hajja. Mubarak ya fara sa ɗamara kusa da ƙarshensa. Sai Baba ya miƙe.

"Tsaya!"

Komai ya tsaya cak, har injin motar ya rage ƙugi.

"Kai yaro, kada ka gutsuttsura min wannan. Daga gindi za ka yanke shi, guda ɗaya. Benci zan sa a yi da shi a ƙofar gida, in zauna a kan icen ubana."

Abokansa suka ce, "Seme, seme! Wallahi ya yi, Alhaji."

Baba ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya kamar yadda yake yi a kasuwa. "Bai wuce sa biyu ba. Kilo ɗari takwas, har da rangwame. Idi, motarka ba ta ɗaga sa biyu?"

Idi ya yi kamar bai ji ba, idonsa na kan Mubarak.

A raina na ce, to, ka ce to. Kalma ce mai harafi biyu, ka iya ta.

Mubarak bai amsa daga sama ba. Ya rataye zarto, ya sauko a hankali tun daga can har ƙasa, ya cire hular kwano, ya zo gaban tabarma ya tsuguna. Sai daga baya na gane ba ya son ya yi wa babba magana daga bisa kansa ne.

"Baba, ka gafarce ni. A'a."

Ludayin da ke hannuna ya faɗa cikin roba. Inna ta ce, "Innalillahi."

"Me ka ce?"

"Ba zai ɗauku guda ɗaya ba, Baba. Motar nan in kaya na kusa da ita tana ɗaga tan goma sha. Amma yadda ta miƙa hannu ta tsallake katanga da ɗaki, iyakarta a nan kilo dubu da ɗari biyu, ga takardar. Ni kuma ba na kai ta iyaka. Reshen nan a lissafina ya haura dubu da ɗari biyar."

"Ni za ka koya wa nauyi?"

"Wane ni, Baba. Amma kaya in yana ƙasa ya yi nauyi, sai a sauke a sake shiri. Reshe in na yanke shi, ya riga ya hau wuyan motar, ba a mayar da shi. In ya fi ƙarfinta, ita da shi za su kwanta a kan ɗakin Hajja."

Baba ya sha kunu. "Je ka yi shawara da direbanka, ka dawo min da magana mai daɗi."

Mubarak ya tashi ya nufi wajen Idi. Ni kuwa hankalina ya gama tashi. Wata biyu ina gini, ga shi yana rushewa a gaban mahautan gari. Na zaro wayata daga lafaya, na rubuta: "Don girman Allah ka ce masa TO! Ya fi ka sanin nauyi. Kada ka kashe mana aure a kan icce." Na tura. Na zuba wa aljihun Mubarak ido.

Ƙit-ƙit! Ƙit-ƙit!

Ba daga wajen mota ƙarar ta fito ba. Daga aljihun babbar rigar Baba ta fito.

Abin da ya wuce ni ina kwasar kwallaye ke nan. Mubarak ba ya hawa sama da komai a aljihu, ya taɓa gaya min ko makulli ne ya faɗo daga can yana iya fasa kan mutum. Da zai hau, ya ba wanda ya fi girmamawa a wurin ajiyar wayarsa da makullansa.

Baba ya zaro wayar, ya riƙe ta nesa da ido. Ba ya karanta boko sai lambobi, don haka ya miƙa wa Kawu Haladu. Kawu ya karanta, ya danne dariya har kafaɗarsa na motsi, ya kai baki kunnen Baba. Na ga Baba ya juyo a hankali ya dubi tagar kicin. Na sulale ƙasa na zauna kusa da buhun gawayi, lafayar bikin da komai.

"Me kika yi?" in ji Inna.

"Inna, ki ce musu na mutu."

Muryar Baba ce ta tashe ni. Ta sauko, ba faɗa a cikinta, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro.

"Mubarak, zo. An aiko maka da shawara daga cikin gida, an ce ka ce min to. Me ka ce?"

Na leƙa da ido ɗaya. Mubarak ya sake tsugunawa, kunnuwansa kamar za su kama da wuta don kunya.

"Baba, a kan komai nawa zan ce to. Wannan ba nawa ba ne. Ɗakin Hajja ne a ƙasa, Idi kuma yana cikin motar, yana da iyali. Ka bar ni in raba shi uku. A gaban Idi akwai agogon da ke nuna nauyin duk abin da ya ɗaga. Ka faɗi naka, agogo ya faɗi nasa."

"In duka ukun ba su wuce sa biyu ba fa?"

"To na ɓata maka benci a banza. Duk hukuncin da ka yanke a kaina, na karɓa."

Kowa a zauren ya san hukuncin da ake nufi, ni ma na sani. Na ji hawaye ya cika min ido, haushinsa nake ji, ina kuma jin wani abu da ban taɓa ji a kansa ba, wanda a lokacin ban san sunansa ba.

"Bismilla," in ji Baba. "Hau."

Ya hau. Ya sa ɗamara biyu a guntun farko, ɗaya nan ɗaya can, don a kwance yake, ya tashi a kwance. Ya koma bayan uwar icen inda ko ya yi lilo ba zai same shi ba, ya yanka. Guntun ya tashi lumui.

"Ɗari biyu da hamsin," in ji Baba.

Idi ya leƙo ta taga. "Ɗari biyar da ashirin, Alhaji!"

Wani ya ce agogon Nasara ne, ƙarya yake. Baba ya jira aka sauke guntun a titi, aka kwance, sannan ya taka ya je. Ya zagaya shi sau ɗaya. Ya dafa bakin yankan, ya dubi tafinsa a jiƙe sharkaf. Ya ƙwanƙwasa da zobensa.

"Haladu," ya ce, "abin nan ba shi da tumbi."

"Na'am?"

"Sa rabinsa ciki ne, iska da ciyawa. Wannan tun daga fata har tsakiya nama ne, ga shi ya sha ruwan damina ya ƙoshi. Ni busasshen icce na saba ɗagawa."

A guntu na biyu ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ɗari biyar da tamanin."

"Ɗari shida da arba'in!"

"Uhm," in ji Baba. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Kawu Haladu, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Wanda ya san shi ya san an taɓo Sikeli.

Na ukun shi ne mai kauri, ga tsagewar a jikinsa. Mubarak ya ɗaure bakin tsagewar da sarƙa tukuna don kada ta buɗe a sama. Iska ta ɗan taso, ya ɗaga dunƙulallen hannu, aka jira har ta kwanta. Sannan ya yanka. Gungumen ya rabu, ya tsaya cak a iska a kan rufin Hajja, inuwarsa ta rufe ƙofarta. Ban san na riƙe hannun Inna ba sai da ta ce zan karya mata yatsa.

Baba ya rufe ido ɗaya. "Ɗari bakwai da talatin."

Idi ya dubi agogo, ya dubi Baba, ya washe baki. "Ɗari bakwai da arba'in! Kalas, Alhaji, ka kama shi!"

Zaure ya kaure. "Sikeli! Sikeli!" Har Inusa ya so ya tafa, Mubarak ya busa masa usur ya koma kan igiyarsa. Sai da gungumen ya taɓa ƙasa aka saki numfashi.

Baba bai yi dariya ba. Yana tsaye yana motsa yatsu, ya haɗa lissafinsa. Sannan ya dubi ɗakin uwarsa, ya daɗe yana kallo.

"Sa biyar," ya ce a hankali. "Sa biyar na so in rataya a kan Hajja."

Daga ɗakin Inna muka jiyo muryarta: "Me aka ce an rataya min?"

Bayan la'asar aka gama. Uwar icen ma gunduwa-gunduwa ta sauka, tsakar gidanmu ta yi wani irin haske da ban san ta da shi ba. Na ga Baba ya tsaya a kan kututturen shi kaɗai yana shafa shi da ƙafa, na ji tausayinsa ƙwarai. Ma'aikata suka ci kisar, wainar hatsin nan siririya mai faɗi, da miyar kuɓewa, suka sha karkanjin nan mai sukari biyu, Idi ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba.

Sai aka ce Baba na kira. Na fito ina jan ƙafa, gawayi a bayan lafaya, na durƙusa nesa. Mubarak na gefe a tsugune, Kawu Haladu na riƙe da butar shayi.

"Kulsum, tun yaushe kike ba shi wannan karatun?"

"Tun... tun zuwan kawunsa, Baba."

"Haladu, ka ji." Ya girgiza kai. "Wata biyu ina neman yaron nan ya musa min ko sau ɗaya. Na ce masa Doba awa biyu ce, ya ce to. Na ce masa raƙumi ya fi doki gudu a cikin laka, ya ce to. Na ce a raina, wannan in na ba shi 'yata, duk wanda ya fi shi murya shi zai riƙa juya masa gida. Ashe ke ce kika ɗaure masa baki."

Na so ƙasa ta tsage. Ni da nake cewa na fi kowa sanin ubana, ni ce na tsayar da aurena wata biyu da kuɗin katin wayata.

Baba ya miƙa wa Mubarak wayarsa da makullai. Sannan ya nuna wani guntu daga gindin icen, lafiyayye, ja jawur, da aka jingine a jikin katanga.

"Wancan kada a kai shi kasuwa. Turmi za a sassaƙa wa Kulsum. Tunda gidanka za shi, kai za ka san yadda za ka ɗauke shi." Ya rufe ido ɗaya. "Kilo sittin ne."

Mubarak ya dubi guntun. Ya saci kallona. Na sunkuyar da kai na kama bakina da hannu biyu.

"A'a, Baba," ya ce. "Ya kai ɗari da ashirin."

Baba ya fashe da dariya har hularsa ta zame. "Ɗari da sha biyar ne, ɗan nema, amma na yafe maka biyar ɗin. Haladu, ka gaya wa kawunsa ina jiransu Juma'a bayan masallaci."

Ban san lokacin da na tashi na ruga ba. Na yi karo da Hajja a ƙofar ɗakinta tana ƙirga kwallayenta, na rungume ta ina kuka ina dariya. Ta ture ni ta ce in bar shafa mata gawayi, sannan ta ɗaga kai ta dubi rufinta, ko kwano ɗaya bai lotsa ba.

"Wannan yaron," ta ce, "ki riƙa jin maganarsa. Ke kuma a karɓe wayar nan daga hannunki kafin Juma'a."